Yadda na huda ƙwallon bolin da kaina a Bauchi

Bolin wasa ne da ake gangara ƙwallo mai nauyi a kan dogon layi don a kayar da kwalabe goma da aka jera a ƙarshensa. Ƙwallon bolin na masu wasa da gaske ba ya zuwa da rami ko ɗaya. A mulmule yake fitowa daga kamfani, sumul, sai wani ɗigo mai launi da 'yar alama a jikinsa. Ramukan yatsu ana huda su ne daga baya, da awon hannun mai shi. Waɗanda ake jerawa a gidan wasa don kowa ya ɗauka kuwa kamar silifas ɗin bakin wurin alwala suke, kowa ya zura ƙafa amma babu wanda suka yi wa daidai. Shi ya sa za ka ga mutum ya matse ƙwallo da ƙarfin tsiya don kada ya suɓuce, kafin a tashi wuyan hannunsa ya riƙe.

A Malesiya na koyi wasan lokacin da nake karatu. Can ba abin raha ba ne, ƙasar ta fitar da gwanaye irin su Shalin Zulkifli da Rafiq Ismail, wanda ya zama zakaran duniya na maza a 2018, kuma manyan gidajen wasa suna da shago a gefe inda ake auna hannu a huda ƙwallo. Na dawo Bauchi da ƙwallo guda na roba wanda aka huda mini a can, shi nake sa wa a mota duk lokacin da aiki ya kai ni Abuja. Da ƙanina zai dawo gida sai na ce ya sayo mini sabo, mai laba 15, wato kilo 6.8, irin wanda fatarsa ke kama katako ya lanƙwasa. Na ja masa kunne kada ya bari a huda shi, tunda hannun da za a auna yana nan Bauchi. Ya haɗo mini da robobin da ake cusawa a ramin yatsu guda biyu da kuma bakin huji mai faɗin inci 31/32, don shi ne daidai faɗin robobin.

Kafin a zo ga inji, sai mutum ya san abin da ke cikin ƙwallon. Ba dunƙule ɗaya ba ne. Akwai fata a waje, akwai ciko, sannan a tsakiya akwai wani ƙullutu mai nauyi wanda ba zagayayye ba. Ɗigon nan mai launi, da ake kira fin, shi ne saitin kan ƙullutun. 'Yar alamar kuma, CG, tana nuna ɓangaren da ya ɗan fi nauyi. A jikin kwalin an rubuta nauyin ƙwallon da nisan fin daga CG, nawa inci 3 ne. Layin wasa ƙafa 60 ne daga inda ake saki zuwa kwalbar gaba, kuma ana shafa mai a wajen ƙafa 40 na farko. Ƙwallo zai zame a kan mai, in ya iso busasshen katako ya kama ya karkata. Yadda ƙullutun ke tsaye lokacin da ƙwallon ya bar hannu shi ke sa ya karkata da wuri ko a makare, a hankali ko da fizga. Wurin da ka huda ramuka kuwa shi ke tsayar da ƙullutun. Ke nan abu biyu ne a gaban mai huji: riƙo ya yi wa hannu daidai, sannan riƙon ya zauna a inda ya dace a jikin ƙwallon. A ganina na farko ya fi na biyu nauyi nesa ba kusa ba. Ƙwallon da aka tsara da kyau amma yana cizon babban yatsa, ba za ka taɓa sakinsa iri ɗaya sau biyu ba.

Aikin farko a Abuja na yi shi, don yana bukatar layi mai mai. Kowane ɗan wasa yana da wurin da ƙwallonsa ke juyawa a kai idan ya saki, kamar dai akwai ƙusa da ta ratsa ta tsakiya. Bakin wannan wurin ta ɓangaren hannun da kake jifa shi ake kira PAP. Na goge tsohon ƙwallona tas, na jefa shi ta tsakiyar layi inda mai ya fi yawa, da ya dawo sai ga zoben mai ya zagaye shi kusa da ramukan. Na bi zoben da jagira, don fensirin takarda ba ya kama jikin ƙwallo, ita kuwa jagira tana zana layi fes kuma tana goguwa da tsumma. Na ɗora ƙwallon a kan bakin kofi, na juya shi har zoben ya kwanta daidai da tebur ta kowane gefe, na sa ɗigo a ƙololuwa, na manna ɗan farin salatif a kai. Da na sake jefawa, ƙwallon yana juyi amma farin ɗigon yana tsaye cak a farkon tafiyarsa. In ya yi rawa, ba a samu wurin ba tukuna. Daga tsakiyar riƙo, nawa ya faɗi inci 5 zuwa dama da rabin inci sama. A wannan zuwan ne wani ma'aikacin wurin ya ba ni wani tsagaggen ƙwallo da suka jefar a bayan inji, na ce masa gwaji zan yi da shi.

Da na dawo gida sai na koma kan hannuna. Riƙo iri biyu ne. Akwai wanda ake zura yatsan tsakiya da na zobe har gaɓa ta biyu, shi ne na masu koyo. Akwai kuma wanda gaɓar farko kaɗai ke shiga, shi ke ba ƙwallo juyi, kuma shi nake yi. Ana gwada tazara ne ta zura babban yatsa gaba ɗaya, a shimfiɗa sauran biyun a kan ramukansu ba tare da an miƙar da su da ƙarfi ba. Bakin ramin ya kamata ya faɗi tsakanin gaɓar farko da ta biyu. Tsohon ƙwallon ya ci wannan jarrabawa: inci 4 da kwata zuwa yatsan tsakiya, na zobe ya ɗara da 1/16. Ramin babban yatsa ne kawai ya matse ni, don hannu yana canzawa da shekaru. Har a yini guda ma yana canzawa. Da sanyin asuba na hunturu yatsa yana tsukewa, da zafin Afrilu ya kumbura. Don haka da la'asar na auna, bayan na ɗan yi aiki da hannun, na tsaya a kan milimita 24. Wannan bakin na same shi a wurin masu sayar da kayan aikin ƙarfe a cikin gari ba tare da wahala ba.

Masu shagon huji suna da wani ma'auni mai lanƙwasa da ke hawa jikin ƙwallo ya ba da layi da kusurwa a lokaci guda. Ba ni da shi. Tef ɗin tela yana auna nisa a kan abu mai zagaye, amma ba ya ba da miƙaƙƙen layi, yana iya zamewa gefe ba ka sani ba. Sai na kai wa kafinta ƙwallon ya yanko mini rabin zobe na filawud wanda cikinsa ya yi daidai da ƙugun ƙwallon. In ya zauna ɗaram babu haske a ƙarƙashinsa, to duk layin da ka ja a gefensa ya raba ƙwallon gida biyu daidai. Kusurwa kuma na auna ta da ɗan ma'aunin nan na cikin gwangwanin lissafin 'yan makaranta.

Tsarin da na bi shi ne na lamba uku wanda Mo Pinel, wani masanin ƙirar ƙwallo ɗan Amurka, ya yaɗa. Lamba ta farko kusurwa ce a kan fin, tsakanin digiri 10 zuwa 90, ƙarama tana sa ƙwallo ya fara birgima da wuri, babba tana jinkirta shi. Ta biyu nisan fin daga PAP. A ƙwallo mai ƙullutu irin nawa, wanda gefensa duka ɗaya ne, inci 3 da 3/8 shi ya fi sa ƙullutun tangaɗi, kowane juyi sabuwar fata busasshiya ce ke taɓa katako. In ka matsa zuwa inci 5 tangaɗin ya ragu, ƙwallo ya ƙara nisa kafin ya kama. Ta uku kusurwa ce a kan PAP, tsakanin 20 zuwa 70, ƙarama tana ba da fizga, babba tana ba da lanƙwasa mai laushi. Na zaɓi 60, da inci 5, da 30. Dalilina shi ne layukan da nake wasa a kansu na shaƙatawa ne, man da ke kansu ba shi da yawa, in ƙwallo ya kama da wuri ƙarfinsa zai ƙare kafin ya isa kwalabe. Talatin ɗin kuma ta ɗaga fin ya haye saman yatsu da fiye da inci guda, don huji dab da fin yana jawo tsagewa.

Zanen kansa bai da wuya in ka bi shi a jere. Na ja layi daga fin ya ratsa CG. A kan fin na buɗe digiri 60 zuwa dama na ja layi na biyu, na auna inci 5 a kansa na sa ɗigo, nan ne PAP zai zauna. A kan ɗigon na buɗe digiri 30 na ja layi na uku, wanda shi ne zai tsaya a miƙe sama da ƙasa. Daga nan sai komawa da baya: rabin inci ƙasa, sannan layi a kwance inci 5 zuwa hagu, ga tsakiyar riƙo. Na ja layin tsakiya a miƙe, na raba tazarar hannuna biyu, rabi sama wajen yatsu, rabi ƙasa wajen babban yatsa. Akwai wata dabara ta tabbatarwa da nake so ƙwarai. Kewayen ƙwallo inci 27 ne, kwatansa 6 da 3/4. Layukan nan biyu masu miƙewa dole su haɗu a nisan inci 6 da 3/4 daga layin kwance. In sun haɗu kafin nan ko bayan nan, akwai kusurwar da ta karkace. Nawa sun haɗu a wurin. Fin ya zauna saman yatsan zobe, CG ta faɗo ƙasansa a cikin tafin riƙo.

Injin da ya yi aikin na wani dattijo ne abokin mahaifina, mai shagon gyaran ƙarfe a wajen unguwar Railway, inda ake kai masa sandunan mota da na injin niƙa yana feƙewa. Yana da injin huji na tsaye mai tebur da ke matsawa gaba da baya, hagu da dama, kowane hannu da lambobinsa na milimita. Na gaishe shi, na sauke ƙwallaye uku a gabansa. Ya ɗaga sabon ya jinjina, ya ce, “Ɗana, wannan dutsen me za a yi da shi?”

Na ce, “Baba, rami uku nake so, amma babu wanda zai nufi tsakiya sosai.”

A nan ne asalin aikin yake. Ramin da ya nufi cibiyar ƙwallo kai tsaye ana cewa ba shi da karkata. Karkata kuwa ana auna ta da yawan tazarar da ramin zai kauce wa cibiya in da za a zarce da shi. Ramukan yatsu biyu tsakaninsu kwatan inci ne kacal a sama. In duka suka nufi cibiya, kafin su kai zurfin inci 2 sun haɗe a ƙasa, gadar da ke tsakaninsu ta karye. Dole ɗaya ya kauce hagu ɗaya dama. Babban yatsa kuma, gwargwadon tsawon tazarar hannu gwargwadon yadda ake karkatar da raminsa baya, don ya fita ba tare da ya maƙale ba. Ban gama bayani ba Baba ya ɗaga mini hannu. Ya ce ai ba bakin huji za a karkatar ba, tebur za a matsar, sannan a juya ƙwallon a mazauninsa har alamar ta dawo ƙarƙashin baki. Haka ake yi a shagunan Malesiya, shi kuwa bai taɓa ganin wasan ba ko a talabijin.

Mazaunin mun haɗa shi da filawud mai kauri guda biyu, kowanne da zagayen rami mai faɗin inci 6, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama, da dogayen ƙusoshi masu zare guda huɗu da noti. An naɗa robar tayar keke a bakin ramukan don kada su karce fata. Baba ya ɗaure na ƙasan a kan tebur, ya sa tsinin ƙarfe a bakin inji ya bi da'irar har ya tabbatar cibiyarta tana ƙarƙashin tsinin, sannan ya mayar da lambobin hannaye biyu kan sifili.

Saura sanin karkatar tsohon ƙwallona, tunda ba ni da ma'auninta. Na yi niyyar bin lambobin da aka saba. Baba ya ce, “Me ya sa za mu yi canke, ga wanda ya yi maka daidai a gabanmu?” Ya feƙe sandar ƙarfe daidai faɗin kowane rami, ya ɗaura ta a inji, ya sa tsohon ƙwallon a mazauni ba tare da ya ɗaure ba. Yana matsar da tebur kaɗan kaɗan yana sauke sandar, yaronsa yana juya ƙwallon, har sandar ta shige ta fito ba ta goga ko'ina ba. Sai ya karanta lamba. Yatsan tsakiya milimita 9.5 hagu, wato 3/8 na inci. Na zobe kusan 12.7 dama, rabin inci. Babban yatsa milimita 3 baya. Na tsaya ina kallon hannunsa a kan wannan hannun tebur, yadda yake jin ƙarfe yana taɓa roba tun kafin ido ya gani. Irin waɗannan mutane suna nan cike da garuruwanmu, kuma ba mu cika kai musu aikin da ya kai gwanintarsu ba.

Mun fara da tsagaggen ƙwallon, muka huda duka ukun, na zura sanda a kowane rami na jera shi da tsohon nawa don in ga sun kalli wuri ɗaya. Sun kalla. Baba ya sa aka tayar da janareta, ya ce ba ya son wuta ta ɗauke baki yana cikin rami. Ya mayar da bel ɗin inji kan mafi ƙarancin gudu, don roba in ta yi zafi narkewa take ta liƙe wa baki. Na naɗa salatif a jikin bakin a inci 2 don alamar zurfi. Kowa ya rufe hancinsa da ƙyalle.

Ya ce, “Ƙwallonka ne, kai za ka sauke. Ni zan riƙe maka ido.”

Na yi bismilla na sauke bakin har ya ɗan shafi fata, ya bar siririn zobe. Muka tsayar muka duba: gefen zoben ya taɓa layin tazara, ya bar 1/8 daga layin tsakiya. Sai na ci gaba, ina shiga kaɗan in ɗago don ɓarɓashi ya fita. Fatar ta fara fitowa a murɗe, shuɗiya, sai wani ƙamshi ya cika shagon har yaran suka bar aikinsu suka matso. Kamfanin Storm, wanda ya ƙera ƙwallon, yana sa wa fatar ƙwallayensa turare, kuma zafin huji ne ya tayar da shi. Bayan fata sai farin gari mai laushi na ciko, inda baki ke tafiya ba nauyi. Can ƙasa hannuna ya ji tauri, garin ya canza launi, na san na taɓa ƙullutun. Rami na biyu haka, bayan an matsar da tebur zuwa ɗaya gefen.

Ban huda na babban yatsa nan take ba. Na cusa robobin yatsu ba gam, na sake auna tazara daga bakin robar, inda gaɓa za ta kama, zuwa layin da na ja a ƙasa, don kaurin roba yana cin wani abu daga tazarar. Na gyara layin da jagira, muka sa baki mai milimita 24, muka matsar da tebur milimita 3, na huda zurfin inci 2 da 3/4. Hujin gaba ɗaya bai ɗauki lokacin shan shayi ba.

Abin da ya ci lokaci shi ne gyaran baki. Sabon rami yana da kaifi, yana iya yanka. Babban yatsa kuma ba zagayayye ba ne, ya fi faɗi ta gefe. Na naɗa sanfefa mai lamba 220 a jikin guntun sanda ina cin gefe biyu na ramin, in busa, in zura yatsa, in sake ci. Inda ya fi bukatar kulawa shi ne bakin gaba, wurin da gindin yatsa ke kwanciya. In ka bar shi da kaifi zai yi maka kanta, in ka cinye shi da yawa riƙo zai yi sako-sako ka koma matsewa. Na gama da mai lamba 400. Alamar da nake nema ita ce in saki hannu ƙwallon yana rataye a gefena bai faɗi ba ba tare da na matse ba, in kuma na ɗan juya wuyan hannu yatsa ya fita da 'yar ƙara. Robobin yatsu ɗigon sufa gulu biyu kowanne ya isa, a gefe, don a iya cire su in sun cinye.

Ban ƙara rami na huɗu ba. A da ana huda wani a gefe don daidaita nauyi, amma hukumar wasan ta Amurka, USBC, ta hana shi tun 1 ga Agusta 2020. Yanzu duk ramin riƙo da ke jikin ƙwallo sai yatsa ya shiga cikinsa a kowane jifa, kuma an yarda bambancin nauyi tsakanin gefe da gefe ya kai oza 3 a ƙwallon da ya wuce laba 10. Da CG a cikin tafin riƙo, ban kusanci wannan iyaka ba.

Baba ya ƙi karɓar kuɗin aiki, sai na man janareta da abin da na ba yaran. Ya ce in bar masa tsagaggen ƙwallon.

Ranar tafiya Abuja ban sa shi a but ba. Zafin but a hanyar Jos da rana, sannan sanyin na'ura a gidan wasa, irin wannan sauyin ne ke tsaga ƙwallo, musamman ta wajen gadar yatsu. A ƙasan kujerar baya ya yi tafiyar, cikin jakarsa. A jifan farko ya wuce inda tsohon ke tafiya a miƙe, ya isa busasshen katako ya juyo hagu ya shiga tsakanin kwalba ta 1, wato ta gaba, da ta 3 da ke bayanta ta dama. Da ya dawo na ƙirga zoben mai a jikinsa, sun bazu kamar inci 3, kowanne daban da ɗan'uwansa, alamar ƙullutun yana aikinsa. Bayan wasa biyu sanyin ɗakin ya tsuke mini yatsa, na manna salatif ɗaya a bayan ramin, riƙon ya dawo daidai.

Duk lambobin na rubuta su a takarda, kwafi ɗaya a jakar ƙwallo, ɗaya a wurin Baba tare da mazaunin filawud. Tsohon ƙwallon na roba har yanzu ina bukatarsa don ɗauke kwalaben da suka rage a gefe, tunda shi ba ya lanƙwasa. Raminsa na babban yatsa zan buɗe zuwa milimita 24 a mako mai zuwa, don in na sauya daga wannan zuwa wancan hannuna ya ji abu ɗaya.